Muhawara: Fatata tana fesowa da ƙuraje duk ranar da na sha rana, yaya zan kula da ita a gida?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai matsalar da ta kai wata 4 tana damuna, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gabanku kafin in ci gaba da shafe-shafen da ban ga amfaninsu ba. Shekaruna 26. Duk ranar da na daɗe a cikin rana, ko da na rabin awa ne, ba na jin komai a lokacin, sai dare ya yi ko kuma washegari da safe in tashi da wasu ƙananan ƙuraje kamar kan allura a bayan hannuwana da damatsana da kuma saman ƙirjina, daidai inda wuyan riga ya tsaya. Ƙaiƙayinsu yana hana ni barci, idan na sosa kuma sai wurin ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Bayan kwana 7 zuwa 10 sai su kwanta su bar mini baƙin tabo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne fuskata, wadda ita ce kullum a buɗe, ba ta taɓa yin ko guda ɗaya ba. A gida an ce mini ƙurajen zafi ne, wasu kuma sun ce baƙar fata ba ruwanta da rana. Don Allah wanda ya san wannan abu ya taimaka mini da yadda zan kula da kaina.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Wa alaikumus salam, sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ina karanta bayaninki ina ganin kaina shekara 15 da suka wuce, domin haka nawa ya fara bayan haihuwata ta biyu, kuma ni ma an daɗe ana ce mini zafi ne. Abin da ya raba mini gardama shi ne wurin da ƙurajen suke fitowa. Ƙurajen zafi suna son inda gumi yake taruwa a ƙarƙashin tufafi, kamar baya da hammata da ƙasan ƙirji, saboda ƙofofin gumi ne suke toshewa. Nawa kuwa suna tsayawa ne cak a bakin hannun riga, har za ki ga layi tsakanin inda ƙyalle ya rufe da inda rana ta taɓa, kamar an ja shi da alƙalami. Ki duba naki da kyau a gaban madubi. Idan kin ga wannan layin, to maganar zafi ta kau.

Abin da nake yi idan sun taso ba shi da yawa. Ina jiƙa tawul mai laushi da ruwan sanyi, in matse, in ɗora a wurin na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Ba na ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, domin ita ma tana ƙona ta. Ina daina wanka da ruwan zafi da soso mai kaushi har sai sun kwanta, in shafa mai marar ƙamshi tun jikina yana da ɗan damshi, kuma nakan ajiye man a firji saboda sanyinsa kaɗai yana kashe rabin ƙaiƙayin. Sannan ki yanke farcenki. Yawancin tabon da ya rage a hannuna ba ƙurajen ne suka bar shi ba, susar da nake yi cikin barci ce.

Ma'aikaciyar jinya:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan layin bakin riga, kuma ina so in ƙara wata alama da ta fi ta muhimmanci, wato tazarar lokaci tsakanin shan rana da fitowar ƙurajen. Abin da mutane suke kira borin rana ba cuta ɗaya ba ce, kuma lokaci ne yake rarrabe su.

Wanda ya fi yawa shi ne irin wanda ƙanwarmu ta kwatanta. Yana fitowa bayan wasu awanni, wani lokaci har bayan kwana 2 ko 3, ya fi kama mata, ya fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma yana kwantawa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu idan an daina kai fatar rana. Garkuwar jiki ce take ɗaukar wani abu da hasken rana ya sauya a cikin fata a matsayin baƙo, sai ta far masa. Likitocin fata suna kiransa ƙurajen haske masu siffofi da yawa, domin a jikin wani yakan fito kamar ƙananan ƙuraje, a jikin wani kamar faci-faci masu tudu, a jikin wani kuma da ɗan ruwa a ciki, amma a jikin mutum ɗaya kusan kullum siffa ɗaya yake maimaitawa. A baƙar fata an fi ganinsa a matsayin ƙuraje ƙanana kamar kan allura, kuma da yake ja ba ya bayyana sosai a fatarmu, sai a riƙa ɗaukarsa a matsayin wani abu dabam. Saboda haka maganar cewa baƙar fata ba ruwanta da rana ba daidai ba ce. Launin fatarmu yana rage saurin ƙuna, amma bai hana garkuwar jiki yin bore ba.

Nau'i na biyu shi ne borin jini na rana, wanda yake tasowa cikin 'yan mintuna, fata ta kumbura ta yi taswira-taswira da ƙaiƙayi mai tsanani, sannan ya ɓace cikin awa ɗaya ko biyu bayan an shiga inuwa, ba tare da tabo ba. Wannan bai cika yawa ba, amma ya fi haɗari, domin idan babban sashe na jiki ya sha rana lokaci ɗaya yana iya zuwa da jiri ko sarƙewar numfashi ko suma. Wanda ya ga haka ba shi da sauran zama a gida, asibiti zai nufa nan take.

Nau'i na uku kuma ba laifin rana kaɗai ba ne, wani abu ne da aka sha ko aka shafa yake haɗuwa da haske ya haifar da matsalar. Don haka, ƙanwata, ki gaya mana ko akwai maganin da kika fara sha, ko sabon mai ko turare da kika fara amfani da shi a cikin watannin nan.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Mama, na gode Anti. Na duba kamar yadda kuka ce, kuma layin yana nan a bakin hannun rigata, har ma inda agogona yake zama babu ƙurji ko ɗaya. Ba na shan wani magani a kullum. Sai dai wata 5 da suka wuce an sauya mini wurin zama a ofis, yanzu teburina yana jikin wata babbar taga ta gilashi, kuma rana tana faɗowa a kan hannuna na dama tun daga hantsi har bayan azahar. Ban kawo wannan a lissafi ba saboda a cikin ɗaki nake, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Yanzu da na lura, hannun daman ya fi na hagu yin ƙurajen.

Malamin kimiyya:
Malama, ina ganin kin kama bakin zaren da kanki. Hasken da yake jawo wannan matsala ba shi ne zafin da fata take ji ba, wani haske ne da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, kuma nau'i biyu ne suke isowa doron ƙasa. UVB shi ne mai ƙona fata, kuma gilashin taga yana tare kusan dukkansa. UVA kuwa ya kai kimanin kashi 95 cikin 100 na UV ɗin da yake iso mana, yana shiga fata da zurfi, kuma yana ratsa gilashin taga na yau da kullum. Shi ne ya fi tayar da irin ƙurajen da ake magana a kai. Mutum zai iya zama a ɗaki mai sanyi, bai yi gumi ba, bai ji ƙuna ba, amma hannunsa ya sha UVA na awa huɗu. Haka kuma ranar da gari ya yi lumshi ba ranar hutu ba ce, domin gajimare marar kauri yana barin har kashi 80 cikin 100 na wannan haske ya wuce.

Matakin farko a wurinki ba ya buƙatar magani. Ki nemi a janye teburin daga jikin tagar, ko a sa labule mai kauri, ko a manna wa gilashin irin ledar nan mai tare UV wadda ba ta rage hasken ɗaki. Idan za ki fita kuma, ki san cewa ƙarfin hasken ya fi yawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce ki dubi inuwarki, idan ta fi ki gajarta to rana tana kan ganiyarta. Manhajojin hasashen yanayi na waya suna nuna ma'aunin UV na kowace rana, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara kare fata da zarar ma'aunin ya kai 3.

Direban doguwar tafiya:
Malam, bayaninka ya warware mini abin da ya dame ni shekara da shekaru. Hannuna na gefen taga ne kawai yake yin wannan ƙaiƙayi, ɗayan kuwa lafiya lau, ko da na rufe gilashi. Daga baya na fahimci cewa gilashin gaban mota yana da wata leda a tsakiyarsa mai tare yawancin hasken, amma na gefe a yawancin motoci ba shi da ita. Tun da na koma sa riga mai dogon hannu mai duhun launi na samu sauƙi.

Amma ina da ja a kan shawarar gudun rana. A nawa ganin, ɓoye fata shi yake ƙara mata raki. Na lura cewa idan na yi hutun wata guda a gida na dawo kan hanya, makon farko ne ya fi tsanani, bayan nan sai jikin ya saba. Ita ma ƙanwarmu ta ce fuskarta ba ta yi, kuma fuskar ce ta fi shan rana. Me zai hana ta daure ta riƙa shiga ranar har jikin ya saba, maimakon ta mayar da kanta 'yar zaman ɗaka?

Uwar 'ya'ya huɗu:
Malam direba, ban yarda da wannan shawara ba, kuma ba da ka nake magana ba, na gwada ta a jikina. Wata shekara aka ce mini in daure, na zauna a rana da gangan kusan awa ɗaya kwana uku a jere. Abin da ya biyo baya shi ne mako biyu ban iya sa riga mai hannu ba, wurin ya yi ruwa, ya kama mugunya, sai da aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma tabon ya fi shekara kafin ya dushe. Yarinyar nan fatarta a tashe take yanzu. Wanda yake da ɗanyen miki ba a ce masa ya ƙara gogawa don ya saba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ku duka biyun kuna da gaskiya a wani ɓangare, kuma wannan shi ne wurin da ya fi kowanne buƙatar natsuwa a wannan magana. Abin da Malam direba ya lura da shi sananne ne a wurin likitocin fata. Fatar da take samun haske kaɗan-kaɗan a kai a kai takan ƙara kauri da launi, garkuwar jiki kuma takan rage zafin kai a wurin, shi ya sa fuska da bayan tafin hannu sukan tsira a jikin mutane da yawa, shi ya sa kuma matsalar ta fi tsananta bayan an daɗe ba a sha rana ba, ko idan mutum ya yi tafiya zuwa inda rana ta fi ƙarfi. Har ma akwai magani da aka gina a kan wannan, inda ake sa mutum a gaban fitilar UVB ta musamman a asibiti sau 2 ko 3 a mako, na tsawon mako 4 zuwa 6, ana farawa da ɗan ƙanƙanin lokaci ana ƙarawa a hankali.

Sai dai bambancin yana cikin awo. A asibiti ana auna hasken, a tsakar rana kuwa babu mai auna shi, kuma abin da ya sami Hajiya shi ne ta sha na wata guda a cikin kwana uku. Idan za a gwada sabawa a gida, sharaɗi na farko shi ne sai ƙurajen sun kwanta gaba ɗaya. Bayan haka a fara da mintuna kaɗan da sanyin safiya ko da yamma liƙis, a jira kwana biyu a ga ko wani abu zai fito tunda ƙurajen suna jinkiri, sannan a ƙara kaɗan. Idan sun fito, an wuce iyaka, sai a koma baya. Kuma sabon ba ya dawwama, yana gushewa idan an daɗe a inuwa. Wannan hanya ba ta mai borin jini na rana ba ce, ba kuma ta wanda ake zargin yana da cutar lufus, wadda garkuwar jiki take far wa jikin mai ita, ba ce, domin su rana tana iya tayar musu da abin da ya fi ƙuraje. Saboda haka na fi son likita ya fara tabbatar da nau'in kafin a gwada.

Direban doguwar tafiya:
Na karɓi gyara, Malama. Hajiya, ki yi haƙuri, ban san abin ya taɓa kai ki ga haka ba. Ni dama sabon da nake samu a hankali yake zuwa, ban taɓa zama a rana da gangan ba, kuma da ban yi bayani ba da na sa yarinya cikin wahala.

Mai harhaɗa magunguna:
Ina so in yi magana a kan abin da ake saya ba tare da takardar likita ba, domin a nan ne nake ganin ɓarna ta fi yawa. Don rage ƙaiƙayi, babba yana iya shan setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Suna aiki sosai a kan borin jini na rana, a kan ƙurajen da suke jinkiri kuwa ƙaiƙayin kawai suke ragewa, ba sa hana su fitowa. Tsofaffin magungunan irin su kulofeniramin suna sa barci, don haka Malam direba da duk mai aiki da inji su kiyaye su. Mai juna biyu da mai shayarwa su tambaya kafin su sha kowanne. Ruwan kalamin yana sanyaya wuri, amma yana busar da fata, sai a haɗa shi da mai. Man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ana shafa shi siriri a kan ƙurajen sau ɗaya ko biyu a rana, kada a wuce kwana 7, kada a sa shi a inda fata ta fashe ko take fitar da mugunya, kada kuma a kai shi fuska sai da izinin likita.

Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne mayukan nan masu haɗin magani uku a bututu ɗaya, da mayukan bilicin da ake ba mutane don su goge tabo. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mai ƙarfi irin su kulobetasol. A kwana biyun farko ƙaiƙayi zai tsaya, mutum ya ɗauka ya dace, amma idan aka ɗauki watanni ana shafawa sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, kuma fatar da aka cire wa launinta ta fi kowace rauni a gaban rana. Tabon da ƙanwarmu take kuka da shi yana dushewa da kansa cikin watanni matuƙar an daina susa kuma an hana rana ƙara taɓa shi, domin duk lokacin da haske ya sauka a kansa ƙara masa duhu yake yi.

Game da tambayar da Malama ma'aikaciyar jinya ta yi a kan magunguna, ga waɗanda aka sani suna sa fata ta kasa jure rana: doksisaikilin da danginsa, sifurofuloksasin, magungunan da suke da salfa, haidirokulorotayazaid da furosemaid da ake ba masu hawan jini da masu kumburi, amiyodaron na bugun zuciya, da wasu magungunan ciwon jiki kamar firoksikam da nafuroksen da man ketofurofen da ake shafawa a gaɓoɓi. Wanda ya ga sunan maganinsa a nan kada ya daina sha da kansa, musamman na hawan jini da na zuciya. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa, domin sau da yawa akwai wanda za a musanya masa da shi.

Mai neman shawara:
Yaya, maganarka ta zo a kan gaɓa, domin jiya wata ƙawata ta kawo mini irin wannan mai mai haɗi uku, kuma da yau zan fara shafawa. Na ajiye shi. Tambayata ta gaba a kan man kariya daga rana ce. Na taɓa sayen wani, na shafa kwana biyu, sai fuskata ta yi fari fat kamar an barbaɗa toka, wuyana kuma ya ƙara ƙaiƙayi, sai na watsar. Shin akwai amfanin in sake gwadawa?

Mai harhaɗa magunguna:
Akwai amfani, ƙanwata, amma sai an iya zaɓe. Lambar SPF da ake rubutawa a jikin kwalba galibi kariya daga UVB take aunawa. SPF 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100, SPF 50 kuma kimanin kashi 98. Tunda naki UVA ne ya fi tayar da shi, babbar lamba kaɗai ba za ta wadatar ba, sai kin ga an rubuta cewa yana kare UVA da UVB duka, ko kin ga haruffan UVA a cikin da'ira. Ki nemi SPF 50 marar ƙamshi. Ƙaiƙayin da kika ji yana iya zama daga turaren da ke ciki ko daga wani sinadari kamar oksibenzon, wanda aka san yana tayar wa wasu mutane bori idan ya haɗu da haske. Masu zink oksaid ko taitaniyam dayoksaid sun fi sauƙi a fata mai saurin fushi, sai dai su ne masu barin farin nan da kika gani. Mafita ita ce ki nemi wanda aka sa wa launi mai kama da fata, domin sinadarin ƙarfen da ake rina shi da shi yana ɓoye farin, yana kuma tare wani kaso na hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo.

Kafin ki shafa sabon mai a jiki duka, ki gwada shi a wuri kaɗan a damtsenki na kwana uku, ki bar wurin ya ga rana kaɗan, ki ga abin da zai faru. Idan ya karɓe ki, ki shafa minti 20 zuwa 30 kafin fita, ki sake bayan kowace awa 2, da bayan gumi mai yawa ko wanke hannu. Yawancin mutane ba sa shafa ko rabin abin da ya kamata. Babba yana buƙatar kimanin mililita 30 don jiki duka, fuska da wuya kaɗai suna cin kusan rabin ƙaramin cokali.

Malamin kimiyya:
Ina goyon bayan wannan, sai dai a ra'ayina tufafi sun fi mai aminci, domin ba sa gogewa kuma ba a manta sake shafa su. Amma ba kowane ƙyalle ne yake karewa ba. Ki ɗaga rigar ki dubi fitila ta cikinta, idan kina hango hasken ta tsakanin zaren to UV ma yana wucewa. Farar riga ta auduga marar kauri kariyarta kaɗan ce, idan ta jiƙe da gumi kuma sai ta ƙara raguwa. Ƙyalle mai matsattsiyar saƙa da duhun launi, wanda aka ɗinka da walawa don iska ta shiga, ya fi. Akwai tufafin da ake rubuta wa UPF 50, ma'ana kashi 1 cikin 50 na hasken ne kawai yake ratsa su. Malafa mai faɗin baki tana kare wuya da kunnuwa, lema ma tana taimakawa, amma a tuna cewa haske yana dawowa daga ƙasa, domin yashi da ruwa da farin siminti duk suna mayar da shi sama, don haka inuwa ragi take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

Mahaifin yarinya:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. 'Yata mai shekara 9 ta dawo daga wasa da wasu baƙaƙen zane a bayan hannunta, kamar an ɗiga wani abu ya gangara, har da ɗan bororo a wuri ɗaya. Mun tsorata, mun ɗauka ƙuna ce. Likita ya tambaye ta abin da ta taɓa, ashe ruwan lemun tsami ne ya zuba mata a hannu ta ci gaba da wasa a rana ba ta wanke ba. Ya ce akwai wani sinadari a cikinsa, da kuma a ruwan ganyen wasu tsirrai kamar ɓaure, wanda yake ƙona fata idan ya haɗu da hasken rana, kuma wannan yana iya samun kowa, ba sai mai bori ba. Tabon ya ɗauki wata 5 kafin ya tafi. Na kawo wannan ne saboda na ga ana ba masu tabo shawarar su goga lemun tsami don ya yi haske.

Ma'aikaciyar jinya:
Allah ya saka da alheri, Baba, wannan gargaɗi ne mai muhimmanci, kuma turaren da ake fesawa a wuya kafin a fita ma yakan yi irin haka, gara a fesa shi a kan tufafi. Tunda an ambaci yara, jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa da tufafi ne kariyarsa, ba a fara masa da man kariya ba.

Ƙanwata, duk abin da aka faɗa a nan kulawa ce ta gida, kuma tana da iyaka. Ki je asibiti idan ƙurajen sun wuce mako biyu ba su kwanta ba duk da kin guji rana, ko sun fito a inda tufafi suka rufe, ko sun yi manyan bororo, ko wurin ya kumbura ya yi zafi yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya. Ki gaggauta zuwa idan kin ga wani faci ya shimfiɗu a kan kumatu da karan hanci, ko kina fama da ciwon gaɓoɓi da gajiya marar dalili da zubewar gashi da gyambon baki, domin waɗannan alamun lufus ne, kuma gwajin jini ne yake tantance shi. Haka nan fatar da ta yi duhu ta yi kaushi a zagayen wuya da bayan hannu tare da gudawa tana iya nuna ƙarancin nayasin, wani nau'in bitamin, a jiki, wanda maganinsa dabam ne. Idan kuma za ki daɗe kina kare jikinki daga rana sosai, ki tambayi likita a kan bitamin D, tunda fata da hasken rana take samar da shi, kuma baƙar fata ta fi jinkirin samar da shi.

Abin da zai fi taimaka wa likitan shi ne ki ɗauki hoton ƙurajen a ranar da suka fito, da hasken rana ba da fitila ba, domin sau da yawa kafin ranar ganin likita ta zo sun riga sun kwanta. Ki kuma riƙa rubuta ranar da kika sha rana, da tsawon lokacin, da awa nawa suka wuce kafin ƙaiƙayi ya fara, da abin da kika shafa a ranar.

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako uku don in sanar da ku halin da ake ciki. An mayar da teburina can ciki nesa da tagar, na koma sa riga mai dogon hannu mai kauri, kuma na bi shawarar Mama ta tawul mai sanyi da yanke farce. Ƙurajen sun kwanta a kwana na 8, kuma har yau sababbi ba su fito a hannuna ba, sai sau ɗaya a saman ƙirjina ranar da na daɗe a waje da tsakar rana na manta ban shafa mai a wurin ba. Sun fito ne bayan kimanin awa 12, na ɗauki hotonsu na rubuta kamar yadda Anti ta ce. Na samu man kariya mai launi, na gwada shi a damtsena kwana uku bai yi mini komai ba, yanzu da shi nake fita. Tabon yana nan, amma na gefen wuyan hannu ya fara dushewa. An ba ni ranar ganin likitan fata a mako mai zuwa, kuma zan tambaye shi a kan gwajin jini da kuma ko zan iya fara sabawa da rana a hankali.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Alhamdu lillahi, 'yata, na ji daɗin wannan labari. Idan za ki tafi, ki ɗauki kwalaben duk abin da kike shafawa, har da sabulu da turare da tsohon man kariyar da ya sa miki ƙaiƙayi, domin likitan zai so ya karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Ki dawo ki gaya mana abin da ya ce a kan sabawar, ni ma ina so in ji.